Nutso a Maɓuɓɓugan Ruwa na Fulorida da Taƙaddamar Zuƙe Ruwansu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu shirin zuwa nutso a maɓuɓɓugan ruwa na arewacin jihar Fulorida ta Amurka, da kuma waɗanda suka ji labarin rigimar da ake yi kan janye ruwan da ke ciyar da su. An fara da tambayoyin sabon shiga, daga nan aka gangara zuwa batun kogo, da doka, da lasisin ɗibar ruwa.

Daga ina ruwan waɗannan maɓuɓɓugai yake fitowa, kuma me ya sa suka yi yawa a Fulorida?

Asalinsa ruwan sama ne. A ƙarƙashin Fulorida akwai shimfiɗaɗɗen farin dutse mai laushi, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti, kuma ruwan sama yana da ɗan tsamin da ke cin wannan dutse a hankali. Cikin dubban shekaru ya rarake shi kamar yadda gara ke rarake azara, ya bar ƙofofi da lunguna da manyan koguna na dutse waɗanda suke cike da ruwa. Wannan rumbun ruwa na ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira Floridan, ya mamaye kusan murabba'in kilomita 260,000, ya ratsa dukan Fulorida da sassan Jojiya da Alabama da Karolina ta Kudu da Misisipi. Duk inda matsin ruwan ya sami tsaga a wuri mai gangare, sai ya tunkuɗo waje, ya zama idon ruwa.

An ƙidaya fiye da maɓuɓɓugai 1,000 a jihar. Tun 1927 masana ke jera su bisa ma'aunin da Oscar Meinzer ya tsara, inda ta sahun farko ita ce wadda ke fitar da aƙalla lita 2,800 a kowace daƙiƙa, wato kusan lita miliyan 245 a yini. Fulorida na da wajen 30 na wannan sahu, ciki har da Silver da Rainbow da Wakulla. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a gandun dajin Yankari ya san kamannin abin, sai dai ruwan Wikki mai ɗumi ne kuma ba shi da zurfin da za a yi masa nutso da tukunyar iska.

Mene ne sukuba, kuma da me ya bambanta da nutson da aka saba?

Mai nutso na gargajiya yana cika huhunsa ne a sama, ya riƙe numfashi, ya dawo kafin ya ƙare. Mai sukuba kuwa yana goye da tukunyar ƙarfe wadda aka matse iska a cikinta, yana shaƙa ta wata na'ura da ke daidaita matsin iskar da na ruwan da ke kewaye da shi. Jacques Cousteau da Émile Gagnan ne suka fito da wannan na'ura a Faransa a 1943. Tukunyar da aka fi bayarwa haya tana ɗaukar lita 11, amma an matse iskar cikinta kusan ninki 200.

Wannan bambanci ya juya ƙa'idar gaba ɗaya. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na sama sau biyu, saboda haka wanda ya shaƙi iska a can ƙasa ya riƙe ta ya taso, iskar za ta kumbura a ƙirjinsa har ta iya yaga huhu. Abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne kada ya taɓa riƙe numfashi, kuma kada ya taso da gaggawa.

Me ke jawo masu nutso zuwa maɓuɓɓuga alhali teku na kewaye da jihar?

Tsabtar ruwan ce ta farko. Ruwan da ya daɗe yana tacewa cikin dutse yana fitowa garau, har mutum ya hango abokinsa daga nisan mita 30 ko fiye, kamar yana rataye a iska. Na biyu, sanyinsa ba ya canzawa: yana nan wajen digiri 22 a ma'aunin Salshiyas rani da damina. Ba igiyar ruwa, ba hayar jirgi, ba gishirin da ke cin kaya. Mutum yana ajiye mota, ya sauka ta matakalar katako, ya shiga ruwa. Shi ya sa makarantun nutso ke kawo ɗalibansu Blue Grotto da Devil's Den a Williston, da Ginnie Springs kusa da High Springs, ko Troy Spring inda ragowar jirgin ruwan nan Madison, wanda aka nutsar da gangan a 1863 lokacin yaƙin basasar Amurka, yake kwance har yau.

Sai da takardar shaida ake barin mutum ya shiga?

Don iyo da leƙen ƙasan ruwa da gilashin fuska ba a neman komai. Don sukuba kuwa kowane wuri zai nemi katin shaidar horo daga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da aka amince da su, irin su PADI da NAUI da SSI, kuma yawanci ba a yarda mutum ya shiga shi kaɗai. Katin matakin farko ya ba shi izinin zurfin mita 18 ne a buɗaɗɗen ruwa, wato inda babu komai tsakanin kansa da sararin sama. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci a maɓuɓɓuga, kuma an yi bayaninsa a amsar da ta bambanta kwari da bakin kogo da cikin kogo.

Wanda ya saba nutso a teku, me zai gyara idan ya zo ruwan daɗi?

Ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaga jiki ba, don haka sai a rage dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu, galibi da kilo 2 zuwa 3, a kuma gwada nauyin a bakin ruwa kafin a gangara. Wanda ya shiga da nauyin da ya saba a teku zai riƙa faɗawa ƙasa yana tayar da laka. Sannan kada digiri 22 ya ruɗi kowa. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, kuma bayan minti 40 ba tare da rigar roba mai kaurin milimita 3 zuwa 5 ba, hannu zai fara karkarwa. Sauran ƙa'idoji suna nan yadda suke: tsayawa na minti 3 a zurfin mita 5 kafin fitowa, da jiran aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, ko awa 18 bayan nutso da yawa, kafin hawa jirgin sama.

Mene ne bambanci tsakanin kwarin maɓuɓɓuga, da bakin kogo, da cikin kogo?

Kusan kowace babbar maɓuɓɓuga tana da sassa uku. Akwai kwarin da ruwan ke taruwa a ciki, wanda samansa a buɗe yake, kuma nan ne iyakar mai katin farko. Akwai bakin kogo, inda dutse ya riga ya rufe saman kai amma har yanzu ana ganin hasken rana daga ƙofa. Sai cikin kogo, inda hasken ya ɓace ɗungum, hanyoyi suka rarrabu, wasu suka yi tafiyar kilomitoci a ƙarƙashin gonaki da tituna. Kowane sashe yana da horonsa da katinsa, kuma ƙungiyoyi irin su NSS-CDS da GUE ne suka shahara da koyar da na biyu da na uku.

Haɗarin yana cikin kyawun wurin. Ƙofar kogon tana da faɗi, ruwan garau ne, babu abin da ke nuna wa baƙo cewa ya ƙetare iyaka. Ya shiga mita 10 don ya leƙa, takalmin iyonsa ya daki ƙasa, lakar da ta shekara ɗaruruwa tana kwance ta tashi, cikin daƙiƙoƙi ya daina ganin hannunsa. A buɗaɗɗen ruwa wanda ya rikice yana iya tasowa sama ya sha iska. A nan sama dutse ne, kuma hanyar fita ɗaya ce tak, wadda shi bai san inda take ba. Ɗaruruwan mutane sun mutu haka a kogunan Fulorida tun daga shekarun 1960, kuma da yawansu ƙwararru ne a teku, har da malaman nutso, waɗanda ba su da horon kogo. Wannan ne dalilin kafa allunan gargaɗi masu hoton mala'ikan mutuwa na al'adar Turawa a ƙarƙashin ruwa, daidai inda hasken rana ke ƙarewa. A babban zauren dutse na Ginnie ma ƙyauren ƙarfe aka sa aka toshe ƙofar da ke shiga cikin kogon, a zurfin wajen mita 15, shi ya sa ake barin masu katin farko su shiga zauren.

Me ya sa ake hana wasu masu nutso riƙe tocila?

Dokar tana ba baƙi mamaki, amma hikimarta a fili take. A wurare irin su ƙofofin kogo na Devil's Eye da Devil's Ear a Ginnie, da wuraren shaƙatawa da dama na gwamnatin jiha, wanda ba shi da katin bakin kogo ko na kogo ba ya shiga ruwa da fitila. Mutumin da ba shi da haske zai tsaya da kansa inda duhu ya fara. Mai tocila kuwa zai ga kamar hanya ta buɗe masa, ya ci gaba.

Waɗanne ƙa'idoji masu nutson kogo suke bi?

Ƙa'idojin sun samo asali ne daga aikin Sheck Exley, ɗan Fulorida, wanda a ƙarshen shekarun 1970 ya zauna ya bi bayanan mace-macen da aka yi a kogo ɗaya bayan ɗaya, ya tarar kusan dukansu suna komawa ga 'yan kurakurai kaɗan da ake ta maimaitawa. Daga nan aka tsayar da abubuwa biyar. Kada a shiga ba horo. A ja zare ɗaya marar yankewa tun daga buɗaɗɗen ruwa har inda aka tsaya, domin idan ido ya daina aiki hannu ya bi shi ya fita. A raba iska kashi uku, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya kuma ajiya saboda abokin tafiya ko wata matsala. Kada a zarce mita 40 da iska ta yau da kullum, domin naitirojin da ke cikinta yana sa maye a zurfi, sai an gauraya ta da hiliyam. Kowa kuma ya riƙe fitila uku.

Rabon iska kashi uku ya ginu ne a kan cewa ruwan yana fitowa waje, yana tare mai shiga, yana kuma tura mai fita. Inda ruwan ke zuƙewa ciki, lissafin ya juye, domin fita ce za ta fi cin iska, kuma dole a ƙara ajiya. Amsar da ke biye ta bayyana yadda maɓuɓɓuga ke komawa mazuƙa. Exley kansa ya rasu a 1994 a wani rami mai tsananin zurfi da ake kira Zacatón a Meziko, yana ƙoƙarin kai wa mita 300.

Akwai lokacin da ruwan ke lalacewa har a rufe wurin?

Akwai. Da yawa daga cikin maɓuɓɓugan arewa suna bakin kogin Suwannee ne da na Santa Fe, waɗanda ruwansu ja ne kamar shayi saboda ganyayen fadamun da suke ratsowa. Idan an yi ruwa mai yawa kogin ya cika, nauyinsa yana fin ƙarfin maɓuɓɓugar, sai ya danne ta, wani lokaci ma ya riƙa kwarara cikinta. Wurin da jiya ake ganin ƙasansa sai ya koma baƙi ƙirin, kuma yana iya ɗaukar makonni kafin ya washe. Ya kamata a kira wurin a tambayi halin ruwa kafin a kama hanya. Wannan juyawa abu ne na asali, amma gwargwadon raunin matsin ruwan ƙasa, gwargwadon sauƙin da kogi ke samu wajen rinjayarsa, kuma a nan ne batun nutso ya haɗu da batun zuƙe ruwa.

Ana haɗuwa da ayu ko kada a ciki?

Ayun Fulorida ɗan'uwan ayun kogin Kwara da Binuwai ne, wanda masunta suka sani. Ba ya jure ruwan da ya gaza digiri 20, don haka idan hunturu ya sanyaya teku da koguna sai ya gudo maɓuɓɓugai. A Blue Spring kusa da Orange City an ƙidaya fiye da 900 a rana guda a Janairun 2024, kuma ana rufe wurin ga masu iyo da nutso daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Maris. A Crystal River ana barin mutane su yi iyo a kusa da su da gilashin fuska, bisa sharaɗin kada a bi su, kada a tare musu hanya, domin dokar tarayya da ta jiha duk sun haramta takura musu. Girman wurin ɗumin da ke ɗaukar waɗannan dabbobi ya dogara ne kacokan a kan yawan ruwan da ke fitowa. Idan ya ragu, ruwan kogi mai sanyi sai ya matso ciki.

Kadoji suna nan, amma sun fi son gefen kogi mai ciyayi, kuma ba kasafai suke kula masu nutso ba. Ma'aikata kan rufe wuri idan babba ya shigo.

Da gaske ne maɓuɓɓuga tana iya ƙafewa saboda rijiyoyin da ke nesa da ita?

Ta riga ta faru. Kissengen Spring a gundumar Polk wurin shaƙatawa ne da ke fitar da miliyoyin lita a kullum, har zuwa 1950 lokacin da ta daina gudu, bayan kamfanonin haƙar ma'adinin fosfat da sauran masu manyan rijiyoyi sun janye ruwan yankin. White Springs da ke bakin Suwannee, wadda a da mutane ke tururuwa zuwa wanka a cikinta don neman lafiya har aka gina otal-otal a garin, yanzu sai jefi-jefi take fitar da ruwa.

Wanda ya ga yadda tsofaffin rijiyoyin unguwa ke ƙafewa bayan maƙwabta sun haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi ya riga ya fahimci abin. Maɓuɓɓuga ambaliyar rumbun ruwa ce, abin da ya yi saura a sama shi ne ke zubowa. Saboda haka ba sai rumbun ya ƙare take mutuwa ba. Ya isa matakin ruwan ya sauka da 'yan mitoci kaɗan, sai ta yi shiru alhali injinan da ke da dogon bututu suna ci gaba da sha. Kuma yankin da ke ciyar da maɓuɓɓuga ɗaya yana iya kai ɗaruruwan murabba'in kilomita, iyakarsa ma tana motsawa: yawan janye ruwa a birnin Jacksonville da kewayensa ya karkatar da wani ɓangare na ruwan da a da ke gangarawa yamma zuwa Suwannee. Cibiyar nazarin maɓuɓɓugai ta Howard T. Odum da ke High Springs ta ƙiyasta cewa ruwan da maɓuɓɓugan jihar ke fitarwa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Hukumomin ruwa na jihar, waɗanda ke ba da lasisin ɗibar ruwa, sun fi ɗora laifin a kan ƙarancin ruwan sama, cibiyar kuma ta fi ɗora shi a kan injina, kuma wannan saɓani shi ne ke bayan kusan kowace shari'a da ake yi kan lasisi.

Su wane ne suka fi janye ruwan?

Birane da gonaki. Fulorida na da mutane fiye da miliyan 22, kuma kusan tara cikin goma daga ƙarƙashin ƙasa ruwan shansu ke fitowa. Abin da ake janyewa a jihar ya haura galan biliyan 3 a kowace rana. Abin takaici shi ne kusan rabin ruwan da gidaje ke amfani da shi ba sha ake yi ba, ba girki ba, ciyawar ado ta ƙofar gida ake shayarwa da shi. A yankin Suwannee kuwa, inda garuruwa ƙanana ne, noman ban ruwa da manyan injinan feshi masu zagayawa da gidajen kiwon shanun madara su ne kan gaba.

Mece ce taƙaddamar Ginnie Springs da kamfanin ruwan roba?

Ginnie Springs ba ta gwamnati ba ce, mallakar wani iyali ce. Wani kamfani mai suna Seven Springs Water Company yana da lasisin janye ruwa daga rijiyoyi kusa da maɓuɓɓugar yana sayar wa masana'antar ɗura ruwa a roba da ke kusa, wadda Nestlé ya saya. Da lasisin ya zo ƙarewa a 2019, kamfanin ya nemi a sabunta masa izinin galan miliyan 1.152 a yini. Wannan adadi yana cikin tsohuwar takarda, amma abin da ake ɗiba a zahiri bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa ba, don haka sabuntawar tana nufin ninka ɗibar sau da yawa. Dubban mutane suka aika wa hukumar ruwa ta yankin Suwannee ƙorafi, masu nutso da masu kwale-kwale na cikin na gaba-gaba. Ma'aikatan hukumar sun fara ba da shawarar a ƙi, kamfanin ya kai ƙara, alƙalin harkokin mulki ya goyi bayansa, kuma a Fabrairun 2021 hukumar ta amince da galan 984,000 a yini, wato kusan lita miliyan 3.7. A shekarar ce kuma Nestlé ya sayar da sashen ruwansa na Arewacin Amurka, wanda ya koma BlueTriton.

Abu biyu ne suka fi harzuƙa jama'a. Na farko, ita hukumar da kanta ta riga ta ayyana cewa gudun ruwa a sashen ƙarshe na kogin Santa Fe ya gaza mafi ƙarancin da doka ta tsayar, har an sa shi cikin shirin farfaɗowa. Na biyu, a dokar Fulorida ruwan na jama'a ne, amma ba a sayar da shi ga mai lasisi. Kuɗin da aka biya hukumar shi ne na cike takarda, dala 115.

To idan aka hana kamfanonin ruwan roba, matsalar ta ƙare?

Ba ta ƙare ba, kuma gara a faɗi haka ƙarara. Lasisin Ginnie bai kai kashi ɗaya cikin dubu na ruwan da ake janyewa a jihar ba, kamar yadda alƙaluman da ke amsar su wane ne suka fi janye ruwan suka nuna. Masu kare kamfanin suna da gaskiya a wannan lissafi. Inda hujjarsu ta yi rauni shi ne kowane mai neman lasisi haka yake faɗa, cewa nasa ɗan kaɗan ne, kuma da irin wannan ɗan kaɗan ɗin dubbai aka kai kogin inda yake. Sannan wuri yana da tasiri: rijiyar da ke dab da idon ruwa tana rage shi kai tsaye, kuma ruwan da aka ɗura a roba aka loda a mota ya bar yankin ke nan, ba kamar na ban ruwa ba da wani ɓangarensa ke komawa ƙasa.

Amfanin rigimar Ginnie shi ne ta sa mutanen da ba su taɓa jin sunan hukumar ruwa ba suka fara halartar zamanta. Illarta kuwa, tana ba mai shayar da ciyawar ƙofar gidansa kullum damar ganin laifin na wani ne.

Gansakukar da ta rufe ƙasan ruwa, ita ma zuƙe ruwan ne ya kawo ta?

Yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Tsofaffin hotunan Silver Springs, inda ake yawo da jiragen ruwa masu ƙasan gilashi tun shekarun 1870, suna nuna farin yashi da doguwar ciyawar ruwa kore shar. Yau a wurare da yawa baƙar gansakuka mai kama da gashi ta lulluɓe su. Babban abin da ake zargi shi ne sinadarin naitiret daga takin zamani da kashin shanu da sokawe na gidaje, wanda ke bin ruwan sama ya ratsa yashi ya shiga rumbun. Jihar ta tsayar da miligiram 0.35 a kowace lita a matsayin iyaka a bakin maɓuɓɓuga, kuma yawancin manyan sun zarce ta, wasu ninki goma ko fiye.

Raguwar gudu tana ƙara dagula lamarin ta hanya biyu: ruwan da zai tsarma sinadarin ya ragu, kuma ƙarfin da ke wanke gansakukar daga jikin ciyawa ya yi sanyi. Wasu masana suna ƙara da raguwar iskar shaƙa a ruwan da kuma ƙarancin dodon koɗi da ke cinye gansakukar.

Wace doka ce ke kare maɓuɓɓugan, kuma tana aiki?

Dokar albarkatun ruwa ta 1972 ta raba jihar zuwa hukumomin ruwa biyar, gwamna ke naɗa shugabanninsu, kuma su ke ba da lasisin janye ruwa mai yawa. Mai nema sai ya nuna abu uku: amfanin da zai yi da ruwan mai ma'ana ne, ba zai cuci masu lasisin da suka riga shi ba, kuma bai saɓa wa maslahar jama'a ba. Dokar ta kuma umarci hukumomin su tsayar wa kowane ruwa mafi ƙarancin gudun da idan ya gaza shi za a ce an yi masa babbar illa. A 2016 aka ƙara wata doka ta musamman wadda ta ware maɓuɓɓugai 30 a matsayin fitattu, ta wajabta tsara shirin rage naitiret cikin shekara 20 ga waɗanda suka gurɓata.

A takarda wannan tsari ne mai kyau. A aikace, sharaɗin maslahar jama'a yana da faɗin da kowa ke fassara shi yadda ya ga dama, kuma abu ne mai wuya a ga an ƙi lasisi ɗungum. An fi rage adadi ko gindaya sharuɗɗa. Ƙungiyoyi irin su Florida Springs Council sun sha kai hukumomi kotu kan cewa shirye-shiryen rage naitiret ba za su kai ga iyakar da aka tsayar ba ko da an aiwatar da su gaba ɗaya. Takardun neman lasisi a buɗe suke ga kowa a shafukan intanet na hukumomin, zaman shugabanninsu ma a bainar jama'a ake yi, kuma ana karɓar ra'ayi a rubuce daga wanda ba mazaunin jihar ba.

Wace gudummawa masu nutso suka bayar wajen kare ruwan?

Su ne suka zana taswirar abin da ba a gani daga sama. Misali mafi ƙarfi shi ne Wakulla, kudu da Tallahassee. Ƙungiyar Woodville Karst Plain Project ta shafe shekaru tana auna kogunan yankin, kuma a Disambar 2007 Jarrod Jablonski da Casey McKinlay suka shiga ta ramin Turner suka fito a Wakulla, tafiyar kusan kilomita 11 a zurfin da ya kai mita 90. Taswirorinsu, haɗe da gwajin zuba rini a ƙasa a ga inda zai ɓulla, sun tabbatar da cewa ruwan ƙazantar birnin da ake fesawa a wata gona yana isa maɓuɓɓugar cikin makonni. Birnin ya kashe fiye da dala miliyan 200 wajen gyara matatarsa, naitiret a Wakulla kuma ya sauka ƙwarai. Wes Skiles, mai ɗaukar hoto daga High Springs, ya yi irin wannan aiki da kyamara, yana nuna wa 'yan majalisa cewa ruwan famfonsu ne yake iyo a ciki. Bayan rasuwarsa a 2010 aka sa wa wurin shaƙatawa na Peacock Springs sunansa.

Su kansu masu nutso ba sa ɓata wurin?

Suna ɓatawa, musamman inda ake cunkoso. Ajin ɗalibai goma da suka durƙusa a ƙasan kwari suna gwaji suna iya tumɓuke ciyawar da ta rage, kuma inda ciyawa ta tashi gansakuka ce ke maye gurbinta. A cikin kogo ɓarnar ta fi daɗewa: dutsen yana da taushi, tukunyar da ta goge shi tana barin farin tabo, shatar hannu a kan yumɓu kuma tana iya zama shekaru da yawa domin babu abin da zai share ta. Akwai ma waɗanda suka sassaƙa sunayensu a bango.

Maganin yawancin wannan yana cikin horo. Mai nutso ya daidaita nauyinsa yadda zai tsaya a tsakiyar ruwa ba tare da ya taɓa ƙasa ko rufi ba, kamar yadda aka ambata a amsar gyaran dalma, ya lanƙwasa gwiwa ya riƙa tura ruwa baya irin na kwaɗo maimakon dukansa ƙasa, ya ɗaure duk abin da ke reto a jikinsa. A shiga ta matakala, domin gangarowa ta gefen gaɓa yana zubo yashi cikin idon ruwan. Ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe da kayan mutanen farko da ake gani a ƙasan wasu maɓuɓɓugai suna ƙarƙashin kariyar dokar jiha, kuma ɗaukar ko da guntu ɗaya daga wurin shaƙatawa na gwamnati laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.